Yadda Ake Bulgogi, Gasasshen Naman Koriya, a Gida

Duk wadda ta saba kallon fina-finan Koriya ta ga wannan zama: iyali sun kewaye tebur, kasko na tsakiya yana tururi, wani ya ɗauko siririn yankin nama da tsinke biyu, ya ɗora a ganyen latas, ya naɗe, ya kai baki gaba ɗaya. Sau da yawa naman nan bulgogi ne. A harshensu bul wuta ce, gogi kuma nama, wato naman wuta. Tun zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, ana gasa irinsa a fada da gidajen manya, ana kiransa neobiani saboda yadda ake yanka shi da faɗi. Yau kowane yanki da salonsa. Mutanen Gwangyang sai sun zo gashi suke zuba wa naman haɗi, su ɗora a kan gawayi. Na Eonyang suna daddatsa shi ƙanana, su baje a raga. Na Seoul kuwa da ɗan romo suke yin nasu, a wani kasko mai tudu a tsakiya.

Uwargida, kayan haɗin bulgogi ba su da wuya. Abin da ke raba mai daɗi da marar daɗi abu biyu ne: wuƙa da wuta. In yankan ya yi kauri, ko kasko bai yi zafi ba, duk tsadar kayan da kika saya a banza. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan waɗannan biyun.

Mataki na 1: Wajen mahauci

Shanun Koriya da ake kira hanwoo kiwon gida ake musu, kitse ya ratsa tsokarsu kamar zane, naman da laushinsa tun kafin a taɓa shi. Namu shanun kuwa sun sha tafiya a daji, ciyawa suka ci, tsokarsu a murɗe take, kitsen kaɗan ne. Ɗanɗanonsu ya fi ƙarfi, amma sai an lallaɓa su. Saboda haka kar ki aiki yaro da cewa "a ba ka nama na dubu kaza". Ki je da kanki, ko ki yi wa maigida bayani dalla-dalla.

Ki nemi naman gadon baya, wanda ke kwance gefe da gefen ƙashin baya, musamman ɓangaren da ke saman haƙarƙari. In an samu doguwar tsokar nan mai taushi da ke ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, ita ma ta yi, sai dai ba ta da maiƙo. Naman cinya yana yiwuwa in babu wani, amma na ƙwauri da na wuya ki bar su ga miya. Abu mafi muhimmanci, ki tare mahaucin kafin ya ɗaga wuƙa: "Malam, don Allah kar ka sara mini, dunƙule guda nake so." In kika yi shiru, kafin ki ƙifta ido ya mayar da shi gunduwa-gunduwa, daga nan kuma ba a iya fitar da faffaɗan yanki.

Wata dabara da nake yi don cike gurbin kitsen da namu naman ya rasa ita ce in haɗa da tozo. Kashi uku gadon baya, kashi ɗaya tozo, a yanka shi siriri sosai. Maiƙonsa yana narkewa a kasko ya shafi sauran naman.

A Koriya ana auna nama da geun, wanda yake gram 600, kuma da shi zan yi lissafi. Ya ishi mutum huɗu in akwai shinkafa da ganye. In yau aka yanka saniyar, ki bar naman ya kwana a firiji. Naman da aka yanka da safe a ɗaure yake, kwana ɗaya yana sa tsokar ta saki.

Mataki na 2: Yanka

Ki wanke naman yana dunƙulensa, ki tsane shi da tsumma mai tsabta. Bayan an yanka ba a sake kai shi ruwa, don ruwa yana wanke ɗanɗano kuma yana hana haɗi kamawa. Ki cire farar fatar nan mai sheƙi da duk wata jijiya.

Ki naɗe shi a leda ki sa a firiza awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba ƙanƙara ake so ya zama ba. So ake ya yi tauri ta waje, in kin danna da yatsa ki ji yana ɗan lotsawa. Ɗanyen nama yana zillewa a ƙarƙashin wuƙa, wanda ya sha sanyi kuwa tsayawa yake kamar sabulu, ki yanka yadda kike so.

Yanzu ki duba naman da kyau a wurin haske. Za ki ga zare-zaren tsoka sun miƙe sun nufi gefe ɗaya. Wuƙarki ta gitta su, kar ta bi su. In kika bi tsawon zaren, kowane yanki zai fito da dogayen zaruruwa da haƙori zai yi ta fama da su. In kika gitta, kin riga kin yi wa haƙori rabin aikinsa. Kaurin yanki ya zama milimita 2 zuwa 3, faɗinsa kamar yatsu uku. Ki wasa wuƙar kafin ki fara, ki riƙa ja da ita a hankali daga gindi zuwa tsini, ba dannawa ba. In naman ya fara sakewa kafin ki gama, ki mayar da shi firiza minti 15.

In an ɗauke wuta, firiza ba sanyi, akwai hanya biyu. Ki yanka iya sirancin da hannunki zai iya, ki jera yankan tsakanin leda biyu, ki bubbuga da gindin kwalba har su baje. Ko kuma ki aika wa mai tsire na unguwa da yamma kafin ya hura wuta. Hannunsu ya saba da fiɗar nama siriri, sai dai a gaya masa ya gitta zaren, don su sun fi sabawa da buɗe nama da tsawo.

Da kin gama, ki shimfiɗa yankan a kan takardar goge hannu, ki danna wata a sama ta tsotse jan ruwan. Matan Koriya ba sa tsallake wannan, domin wannan ruwan ne ke kawo ƙarni da baƙin kumfa a kasko.

Mataki na 3: Haɗin da za a jiƙa naman

Ga abin da gram 600 ke buƙata. Babban cokali shi ne na mililita 15.

Soya sos, babban cokali 6
Sukari, babban cokali 2
Zuma, babban cokali 1
Bae (wani ɗan itace ne na Koriya, bayaninsa na tafe) rabi, ko tuffa ɗaya matsakaiciya
Albasa ɗaya, rabi a markaɗa, rabi a yanka siriri
Tafarnuwa ƙwaya 6
Ɗanyar citta, kamar kan ɗan yatsa
Man riɗi, babban cokali 2
Masoro dakakke, rabin ƙaramin cokali
Lawashi ɗanye, kamar sili 4
Karas ƙarami ɗaya
Soyayyen riɗi, babban cokali 1

Ƙa'idar da za ki riƙe ko da kin manta sauran: cokali ɗaya na soya sos ga kowane gram 100 na nama, zaƙi kuma rabin haka. Da wannan za ki iya ninkawa ranar da gida ya cika da baƙi.

Soya sos ruwan waken suya ne da aka tsima da alkama da gishiri, shi ne gishirin wannan girki kuma shi ne maginsa. A kanti za ki ga iri biyu. Akwai mai ruwa-ruwa wanda in kin karkata kwalbar haske ke ratsa shi, akwai kuma baƙi ƙirin mai kauri da 'yan China ke sa wa abinci don launi. Na farkon za ki ɗauka. Na biyun zai baƙanta miki nama ya kawo ɗaci. In kin samu na Koriya, wanda aka rubuta wa jin ganjang ko yangjo ganjang shi ne daidai, guk ganjang kuwa na miya ne, gishirinsa ya yi yawa. Ki kuma duba tambarin halal a jikin kwalbar, domin tsimin wasu yana barin ɗan burbushin giya. Masu girkin Koriya da yawa suna ƙara giyar shinkafa don kashe ƙarni. Mu ba ma sa ta, kuma babu abin da ya ragu, citta da albasa sun ɗauke wannan aikin. A Seoul ma, a unguwar Itaewon inda babban masallacin da aka buɗe a 1976 yake, akwai gidajen abinci na halal da ke sayar da bulgogi.

Sai maganar bae. Wani ɗan itace ne zagayayye, ruwan ƙasa-ƙasa, cikinsa fari mai garas-garas da ruwa da yawa. Turawa da sunan fiya suke kiransa, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su je su sayo fiyarmu mai maiƙo da ake shafa wa burodi. Ba su haɗa komai ba, kar ki sa ta. Aikin bae shi ne ya ba da zaƙi mai sanyi ya kuma tausasa tsoka. Tuffa tana ba da zaƙin, amma tausasawarta kaɗan ce. In naman gadon baya ne kuma kin yanka siriri, tuffa da albasa sun wadatar. In na cinya ne, ki ƙara babban cokali ɗaya, ɗaya tak, na ruwan ɗanyar abarba ko gogaggiyar ɗanyar gwanda. Iyayenmu sun daɗe da sanin gwanda na narkar da nama mai tauri. Abarbar gwangwani ko ta kwali ba ta aiki, don an dafa ta, zafi ya kashe sinadarin.

Amma a kula. Karon farko da na yi bulgogi na zuba kusan rabin kofi na ruwan abarba, na bar shi ya kwana, ina ganin haka zai fi taushi. Da safe na sa hannu, naman yana dagargajewa tsakanin yatsuna. Da na soya, a baki kamar dafaffiyar hanta, babu abin tauna. Nama mai tsada ne, kuma baƙi na gayyata, abin ya yi mini ciwo. In akwai abarba, gwanda ko kiwi a haɗinki, minti 30 ne iyaka.

Man riɗin da ake nufi shi ne wanda aka matse daga soyayyen riɗi, launinsa ja-ja, ƙamshinsa kamar na kantu yana tashi da an buɗe kwalba. Farin man riɗi da aka matse ɗanye ba ya ba da wannan ƙamshi. Abin yana ba ni takaici a ce riɗi na fita buhu-buhu daga Jigawa da Nasarawa da Binuwai zuwa ƙasashen Asiya, mu kuma mu sayi 'yar kwalbar mansa da tsada. In ba ki samu ba, ki soya riɗi babban cokali 3 a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa har ya yi ja ya fara tsalle. Ki daka shi da zafinsa har ya fara fitar da mai, ki kwaɓa da man gyaɗa cokali 2. Ya kusa kamo na asali.

Magi, kori, tayim, yajin tsire: duk ki ajiye su yau. Na san hannu zai yi ta kaiwa gare su. Daɗin bulgogi a fili yake, gishiri-gishiri, zaƙi-zaƙi, tafarnuwa da riɗi, in aka tara masa kayan ƙamshi sai ya koma wani abinci daban.

Mataki na 4: Jiƙawa

Ki fere tuffa ko bae, ki markaɗa tare da rabin albasa, tafarnuwa da citta. In babu blenda, magogin kuɓewa ya isa. In a kan gawayi za ki gasa, ki tace a rariya ki matse ruwan kawai, saboda tuƙar tana ƙonewa a wuta. In a kasko ne, a bar ta.

Ki zuba soya sos, sukari, zuma da masoro, ki juya har sukarin ya narke. Ki ɗanɗana kafin nama ya shiga. Ya kamata ki ji gishirin ya ɗan zarce, zaƙi na biye da shi, don nama da albasa za su fitar da ruwa su rage ƙarfinsa.

Ki riƙa sa naman yanki-yanki kina warware waɗanda suka manne, sannan ki sa hannu ki cakuɗa a hankali kamar minti biyu, har ki ga ruwan ya ragu a kwano, naman ya sha. Koriyawa na da kalmar sonmat, ɗanɗanon hannu, abin da mu ma muke nufi in mun ce wance tana da hannun girki. Cokali ba ya yin wannan aikin. Sai a ƙarshe ki zuba man riɗi. In ya riga shiga, yana lulluɓe naman ya hana haɗin ratsawa. Ki ƙara yankakkiyar albasa, karas da aka yanka kamar ashana, da rabin lawashi.

Ki rufe ki sa a firiji. Minti 30 shi ne mafi ƙaranci, awa biyu ya fi, in tuffa ko bae ne kawai yana iya kwana. In babu sanyi a firiji, kar ki bar ɗanyen nama a zafin garinmu fiye da rabin awa, ki jiƙa ki gasa nan take. Siririn yanka ba ya buƙatar dogon jira.

Mataki na 5: Wuta

Kafin ki kunna wuta, shinkafa ta nuna, ganye a wanke, mutane su zauna. Bulgogi ba ya jiran kowa.

Ki fito da naman minti 15 kafin gashi. Ki ɗora kasko mai kauri, mai faɗi, a wuta mai ƙarfi, ki bar shi har in kin yarfa ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ɓace. Ki shafa mai ƙaramin cokali ɗaya. Ki ɗebo nama da hannu, ki ɗan matse ruwan ya koma kwano, ki baje a kasko shimfiɗa ɗaya, kowane yanki yana taɓa ƙarfe. Kunnenki zai gaya miki gaskiya: in kin ji ƙara mai ƙarfi, cuuu, kin yi daidai. Ki ƙyale shi minti ɗaya ba juyawa, har gefensa ya yi ja, sukarin ya fara kamawa. Ki juya, ki ba shi wani minti ɗaya zuwa biyu, ki kwashe.

Gram 600 zai ɗauki zubi uku ko huɗu. Na san jarabar juye kwanon gaba ɗaya a huta, amma a nan ne sauri ke haifar nawa. Nama mai yawa yana kashe zafin kasko, ruwa ya fito ya taru, gashi ya koma dahuwa. Sai ki tsaya jiran ruwan ya ƙone, kafin nan naman ya yi fari-fari ya ƙanƙance ya yi tauri. Tsakanin zubi da zubi, in baƙin sukari ya kama gindin kasko, ki zuba ruwa cokali biyu ki kankare, ki juye a kan naman da ya gasu in bai ƙone ba, in ya yi ɗaci ki zubar. Ki jira kasko ya sake yin zafi kafin zubi na gaba.

Ruwan haɗin da ya rage a kwano ɗanyen nama ya zauna a ciki, kar a zuba shi a abinci haka. Ki juye shi a kasko tare da albasa da karas da suka rage, ya tafasa minti biyu, ki kwarara a kan naman. Ki barbaɗa riɗi da sauran lawashi.

In kina da kurfoti da gawayi, wannan shi ne bulgogi na gaske a wurina, don ƙamshin hayaƙi da sukarin da ya ɗan babbake babu kaskon da ke ba da shi. Ki bari gawayin ya ruru har farin toka ya rufe shi, babu harshen wuta. Ki nemi raga mai ƙananan ido, irin mai ninki biyu da ake gasa kifi, don sirirun yanka suna faɗawa ta manyan ramuka. Ki shafa mata mai, ki jera naman, minti ɗaya kowane gefe. Kar ki matsa ko nan da ƙofa, zuma da sukari ba sa ɗaukar lokaci kafin su ƙone.

Mai son romo kuma ta bi hanyar mutanen Seoul: a zuba kofi ɗaya na ruwan nama marar kayan ƙamshi a kasko mai ɗan zurfi, a ƙara soya sos cokali ɗaya da sukari ƙaramin cokali, in ya tafasa a sa naman da taliyarsu ta dangmyeon, wadda ake yi da sitacin dankalin Hausa, bayan an jiƙa ta a ruwa rabin awa. Minti biyar ya nuna. Yara sun fi son wannan, suna kwarara romon a shinkafa.

Mataki na 6: Yadda ake ci

Shinkafar fara ce, ba gishiri ba mai. Tasu gajeriya ce mai danƙo, don haka shinkafar tuwo ta fi kusa da ita fiye da 'yar gwamnati mai warwarewa. Ki wanke ta sosai, ki dafa da ruwa daidai yadda za ta kama jikinta ba tare da ta caɓe ba.

Naɗin ganye shi ake kira ssam. Ki shimfiɗa ganyen latas a tafin hannu, ki sa ɗan shinkafa, yanki ɗaya ko biyu na nama, siririn yankin tafarnuwa in kina so, da ɗan ssamjang a kai. Ki tattaro bakin ganyen ki kai baki lomar guda. Ba a gutsura, shi ya sa ake yin sa ƙarami.

Ssamjang haɗi ne na doenjang, wato tsimammen waken suya, da gochujang, kwaɓin barkononsu. Cokali biyu na farko, ɗaya na biyu, sai man riɗi, dakakkiyar tafarnuwa da ɗigon zuma. Ranar da na fara buɗe robar doenjang, warin daddawa ne ya buge ni, kuma ba mamaki, dukansu ƙwaya ce da aka dafa aka bari ta ruɓa da gangan. In ban samu na kanti ba, nakan turara daddawa babban cokali ɗaya ta yi laushi, in daka da attaruhu rabi, tafarnuwa ƙwaya ɗaya, soyayyen riɗi, zuma da soya sos ƙaramin cokali ɗai-ɗai. Wannan nawa ne, ba na Koriya ba, amma yana zama da naman.

Teburinsu ba ya rasa kimchi, wato kabeji ko wani kayan lambu da aka tsima da gishiri da barkono. In babu, ki yanka kokwamba biyu siriri, ki barbaɗa gishiri, bayan minti goma ki matse ruwan, ki cakuɗa da garin barkono, tafarnuwa, ɗan sukari, ruwan lemon tsami da riɗi. Tsamin yana yanke zaƙin naman.

Ɗanyen naman da aka jiƙa da tuffa kawai yana zama a firiza wata ɗaya, ki raba shi a leda daidai zubi ɗai-ɗai, ki baje ledar ta yi faɗi don ya yi saurin sakewa. Gasasshe kuma kwana uku a firiji mai sanyi. In ya kwana, ki daddatsa shi da almakashi, ki zuba a kasko mai zafi da ɗan romonsa, ki juye shinkafar jiya a kai ki cakuɗa. Ki danne ta da bayan ludayi, ki rage wuta, ki bar ta minti uku har ƙasan ya yi ƙanzo, sannan ki ɗiga man riɗi ki ɗora soyayyen ƙwai a sama.